Malfar da ke Cikin Adudun Kaka

Wadda ke bakin murhu ta ci gaba da tuƙinta, wadda ke ɗinkin hula kada ta ajiye allura, kunne kaɗai nake roƙo.

Bari in fara da tambaya, kowa ta amsa a zuciyarta. Ke uwargida, mene ne sunan kakar mahaifiyarki? Ban ce Inna ba, ban ce Iya ko Hajiya Babba ba, sunanta na yanka nake nufi, wanda aka raɗa mata ranar suna. A wane gari aka haife ta? Me ya kawo ta gidan da ta ƙare rayuwarta a cikinsa? Na sha yin wannan tambaya a wajen biki da suna, a Sifawa da Boɗinga da Shagari, abin da nakan samu dariya ce, sai a ce da ni, "Wallahi mu dai Inna muka tashi muka ji ana ce mata." Amma in kika tambayi maigida kakanninsa maza, sai ya jero miki uku ko huɗu bai ko numfasa ba.

Ba duka ne laifinmu ba. Alkunya ce ta cinye sunayen. Ba ki faɗin sunan miji, ba ki faɗin na suruka, ba ki faɗin na ɗan fari, yarinyar da aka mayar wa sunan kaka ma laƙabi za a nema mata don kada a riƙa kiran sunan tsohuwa gatsau. Yau da gobe sai laƙabin ya zauna, sunan ya tafi. Su maza nasu yana shiga takarda, ta haraji, ta makaranta, ta rabon gado. Ko su ɗin ma wani lokaci sunan gari ne ke hawa kan na uba. Marigayi Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925 ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, sunan mahaifinsa Aliyu. Shagari sunan garin ne, garin da kakan mahaifinsa Ahmadu Rufa'i ya kafa. To in na maza yana rufuwa haka, ina ga namu?

Ni abin da ya jefa ni cikin wannan bincike, malfa ce.

A ɗakin kakata ta wajen uwa, nan ƙasar Sifawa, akwai wani tsohon adudu a ƙarƙashin gado wanda ba a taɓawa. Wata rana muna yara, ta fita kewaye, muka jawo shi muka buɗe. Ba kuɗi, ba murjani. Malfa ce tsohuwa, gefenta duk ya zazzage, da wani ƙyalle naɗe a jikinta wanda ya koɗe, amma kina gani kin san ja ne a da. Yayana ya kifa ta a kai, ya ɗauki sanda ya saɓa a wuya yana kwaikwayon makiyayi, mu kuwa muna ta shewa. Sai ga kaka. Tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga wa jika murya ba, ran nan jikinta har rawa yake yi. Ta ce, "Ku aje wagga malhwa! Ta innata ta." Muka fita muna ƙunshe dariya. Mace da malfa? Muka ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Ban sake tuna zancen ba sai da na zo gida wankan haihuwar fari. Kun san zaman jego, kwana arba'in kina ɗaki ɗaya da tsohuwa, ga ruwan zafi, ga kunun kanwa, ga dare mai tsawo jariri ya hana barci. A nan ne na ce, "Kaka, wai malfar nan fa?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Innata jaji ta."

Wasunku, musamman tsofaffi, sun san abin da ake nufi da jaji. Ƙananan amare kuwa bari in yi muku bayani, don abin namu ne, a ƙasarmu aka yi shi.

Ku tuna inda muke zaune. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya baro Gwandu ya sauka a Sifawa wajen 1810, ya zauna kimanin shekara biyar, sai a 1815 ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kusa da shi, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana can yana gina Sakkwato. A shekarun nan na Sifawa Shehu ya bar musu hidimar mulki, shi ya duƙufa ga karantarwa da rubuce-rubuce, almajirai suka yi ta kwararowa daga gabas da yamma. Cikin 'ya'yansa akwai Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel a 1793. Ga ma wani abin mamaki na gidansu: ita 'yar tagwai ce, ɗan'uwanta Hassan. A al'ada da Hussaina za a ce mata, amma Shehu ya zaɓa mata Asma'u. Tana da kamar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta, daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Bello.

Nana Asma'u ta lura da abu guda: matan aure da ke ƙauyuka ba za su iya barin ɗakunansu su zo wurinta ɗaukar karatu ba. Sai ta ce to karatun ya je ya same su. Ta riƙa zaɓar dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga kowane gari, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan rawani. Jaji takan taso da ayarinta, tsofaffin da suka daina haihuwa da 'yan mata ƙanana waɗanda ba a yi wa aure ba, su yi tafiyar ƙasa zuwa wurin Nana, ɗauke da abin sadaka, hatsi, zuma, man shanu, zaren da matan gari suka kaɗa. Su zauna su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tsarki da salla da tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kyawawan halaye, sannan su koma gida su bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan kulle. Su ne ake kira 'Yan Taru. Da Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon abin, daga nan ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu a zuriyar Shehu, har cikin zamanin Turawa da bayansa.

Ashe malfar da muka yi wasan makiyayi da ita, rawanin sarautar ilimi ce. Ashe uwar kakata ta sha taka hanyar nan ta Sakkwato da ƙafa, mata na biye da ita, tun ba a san kwalta a kanta ba. Kuma ba wanda ya taɓa faɗa mana, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Na ji daɗi ran nan, har na fara ƙafafa a raina. Sai na ƙara da cewa, "To ita 'yar wane gida ce? Cikin malamai ta fito?" Kaka ta tashi ta ce za ta duba ruwan wanka. Kwana uku ba ta sake ɗauko zancen ba, ni ma ban matsa ba. Daren na huɗu, bayan kowa ya kwanta, ta ce da ni, ba ta ko dube ni ba, "Ba ta da kowa nan. Daga Satiru aka kawo ta, ko famfara ba ta gama ba."

Satiru wani gari ne da ke kudu da Sakkwato, ba nisa da mu sosai. Shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mutanen garin, talakawa ne manoma, da yawansu bayi ne da suka gudo, suka ƙi biyayya ga sabon mulki, suna bin wani Malam Isa da wani makahon malami da ya zo daga ƙasar da Faransa ke mulki. A watan Fabrairu na 1906 aka tura musu sojan doki, suka tare su da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A watan Maris aka dawo musu da bindigogi masu aman wuta, tare da dakarun sarakuna. Masu tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum wajen 2,000. Aka ƙone garin, aka hana kowa sake gini ko noma a wurin, mata da yaran da suka rage aka kwashe su aka warwatsa.

Ɗaya daga cikin yaran nan ita ce uwar kakata. Abin da ta iya tunawa kaɗan ne, kuma sau ɗaya tak ta faɗa wa 'yarta: hayaƙi, da tafiya cikin rana tana riƙe da gefen zanen wata mata da ba uwarta ba, da wata 'yar akuya tata da ta yi ta waiwaye tana nema. Aka ba da ita wani gida, ta tashi a bakin dutsen niƙa. Gidan akwai makarantar allo a zaure, tana niƙa tana jin karatu ta bayan katanga, har ta haddace abin da 'ya'yan gidan ke shan bulala a kansa. Aka yi mata aure, ta haihu, ta tsufa, ta shiga 'Yan Taru, ƙarshe ita aka ɗora wa malfa. Har ta mutu ba ta ambaci sunan garin ba sai wannan karo guda. In za ta yi zancensa sai ta ce "can gida".

Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji kunya ce. Na ce yanzu in dangin mijina suka ji fa? Da kawuna ya sami labarin na sani, faɗa ya yi, ya ce mu da kakanninmu suka zo tare da Shehu, wa ya aike ni tono? Ban yi masa musu ba, don ba a musu da kawu. Amma na zauna na yi lissafi, ku ma ku yi tare da ni. Iyayenki biyu. Kakanninki huɗu. Iyayensu takwas, na gaba 16, sai 32, sai 64, sai 128. Daga zamanin da Shehu ya zauna Sifawa zuwa yau an haura shekara 200, wato hawa bakwai ko takwas ke nan. Ko da auren zumunci ya rage yawan, har yanzu mutane ne tuli, jininsu duka yana jikinki. A ƙasar da Fulani da Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa da Adarawa da Buzaye suka gauraya, aka yi yaƙi, aka yi hijira, aka yi fatauci, aka yi bauta wadda sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa, wace ce za ta rantse cewa duk mutum 128 ɗin nan nata malamai ne ko 'ya'yan sarauta? Maganar kawu tana iya zama gaskiya, ta kaka ma gaskiya ce. Shi reshe ɗaya ya riƙe, ita ta nuna mini wani.

Kuma ku dubi gidan Shehu kansa. Maryam ɗin nan da ta gaji Nana Asma'u a shugabancin 'Yan Taru, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, mahaifiyarta Mariya sa-ɗaka ce. Haka ɗan'uwanta Isa, wanda ya mayar da wasu waƙoƙin Nana daga Fulatanci zuwa Hausa, har da wadda ake kira Waƙar Gewaye mai ba da labarin tafiye-tafiyen Shehu. A shari'a ɗan sa-ɗaka ɗa ne, gadonsa ɗaya da na ɗan matar aure. Mu ne muka zo daga baya muka mayar da asali abin gori, har a fasa auren yara masu son juna saboda wata raɗa da ba wanda ya san tushenta. Wannan abu yana ci mini rai, kuma mu mata mu ne kan gaba a ciki.

Saboda haka tun kafin in gaya muku yadda ake tambaya, ga sharaɗi. Abin da tsohuwa ta faɗa miki cikin dare amana ce. Ba makamin faɗa da kishiya ba ne, ba na habaici a gidan biki ba. In kin san bakinki ba ya riƙe magana, ki tsaya ga labaran dariya, su ma suna da yawa. Ni ma sai da waɗanda abin zai sosa wa rai suka kau, na kuma nemi izinin mahaifiyata, sannan nake faɗa muku wannan, kuma kun ji ban kama sunan kowa ba.

To yaya ake yi? Kada ki je ki durƙusa ki ce, "Kaka, ba ni tarihi." Za ta ce ita ba ta san tarihi ba, ki je wurin maza. A wurinta tarihi shi ne sarakuna da yaƙi. Ki kama wani abu na ɗakinta ki tambaya a kansa: tsohuwar tasa, munduwa, mazarin kaɗi, taskira, turmin da ya tsage aka ƙi yarwa. "Wannan wa ya ba ki? Da shi aka kawo ki?" Daga tasa sai ku faɗa kayan ɗaki, daga kayan ɗaki sai ranar aure, wa ya yi rakiya, a kan jaki ko a kan raƙumi, daga wane gari. Ki zaɓi lokacin da hannu ke aiki baki ba ya yi, lokacin tsifa da kitso, ɓarar gyaɗa, tsince shinkafa. In ta yi shiru, ki bar ta. Shirun tsohuwa ba ƙi ba ne, wani lokaci tana auna ki ne. Kuma a nan mu da muke cikin gida mun fi maza dama nesa ba kusa ba. Malamin jami'a zai zo da mota da na'ura, iyakarsa zaure, abin da zai ji na zaure ne. Ke kuwa ke ce ke cuɗa mata baya.

Sunaye ma suna magana. In kin ji ana ce wa wani kakanku Audi, to bayan rasuwar ubansa aka haife shi. Talle, maraya ne tun yana jariri. Gambo, tagwaye ya biyo. Tanko, mata ne a gabansa. Kande ko Delu, maza ta biyo. Dikko da Sambo da Kumbo kuwa jerin haihuwa ne irin na Fulani. Ajuji ko Bawa, sau da yawa uwar tana wabi ne, aka sa sunan don a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya tsaya. Haka tsagar fuska. Yau ta ragu sosai, amma ki tambayi tsohuwa irin tsagar da ke fuskar kakanta, sau da yawa ita za ta gaya miki ƙasar da ya fito ko da baki ya ɓoye. Ki kuma lura da waɗanda gidanku ke wasan taubasantaka da su, don ba a banza Bafulatani ke tsokanar Babarbare ba, ko Bagobiri da Bayarabe.

Sai maganar shekaru. Tsofaffinmu ba su riƙe lamba ba, amma sun riƙe abin da ya faru. Kakata ta ce an haife ta shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Hassan. Wannan 1931 ke nan. In aka ce miki shekarar naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, 1938 ce, rasuwarsa 1988. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956, samun mulkin kai 1960, kisan Sardauna 1966, canjin hannu na motoci 1972, fitowar naira 1973, wadda ta zo daidai da babban farin nan. Babbar yunwar da tsofaffin da suka shuɗe ke yawan ambata, ta 1914 ce. Ki tambaya, "Lokacin kina goyon wa? Kin yi aure ko ba ki yi ba?" Da haka sai shekarun su jeru da kansu.

Wannan lissafi shi zai kuma tsare ki daga ƙarin gishiri, don labarin gida ba ya rasa shi. A ƙasar nan tamu gida nawa ne ake cewa kakansu shi ke riƙe wa Shehu buta? In duka gaskiya ne, butocin sun fi na masallacin Juma'a yawa. In aka ce kakan babanki ya ga Shehu da idonsa, ki ƙirga: hawa huɗu ba ya kai shekara 200, ko dai an tsallake sunaye a tsakani, ko kuwa wani Shehun ne. Ba cewa na yi ki ƙaryata manya ba. Ki ji daga bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba ɗaki ɗaya suka tashi ba, gwaggo da inna, ɗiyar uwargida da ɗiyar amarya. Inda bakinsu ya haɗu, ki riƙe da ƙarfi. Inda ya rabu, ki riƙe duka biyun, ki ce wance ta ce kaza, wance ta ce kaza.

Akwai kuma waɗanda za a ce miki "ya tafi gabas bai dawo ba". Kada ki wuce wannan. Da Turawa suka shigo, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira, jama'a mai yawa ta bi shi, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran mutane har Sudan, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ban da su, ga masu tafiya Makka da ƙafa, waɗanda kan yi shekaru a hanya suna noma suna ƙodago, wasu su yi aure can su zauna. Gidaje da yawa a nan suna da dangi a can ba su sani ba.

Kada wata ta ce wannan duk hira ce ta cika dare. Abu biyu zan ambata waɗanda ke iya rushe gida. Na farko shayarwa. A da in uwa ta rasu ko nononta ya ƙafe, ko ma ta tafi rijiya jariri na kuka, wata sai ta ɗauka ta ba shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in nonon ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. Wa ya san wadda ta shayar da wa? Ba liman ba, ba maigida ba, tsofaffin mata ne. Mu kuwa masu auren zumunci ne. In tsohuwa ta tafi da wannan sani a cikinta, ana iya ɗaura auren da bai ɗauru ba. Ki tambaya tun tana da rai, in kin ji abin da ya shige miki duhu a kai wa malami.

Na biyu wabi. In kin ji a danginku ko na mijinki an yi mata masu binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, yaran suna fama da ciwon gaɓoɓi da kumburin hannu da ƙafa da idanu rawaya, ki riƙe wannan labari da kyau. Ba kowane wabi ba ne amosanin jini, zazzaɓin sauro da ƙyanda da sauransu sun kwashe yara da yawa. Amma amosanin jini, wato sikila, gadonsa ake yi. In uba da uwa duka suna ɗauke da shi, irin waɗanda asibiti ke ce wa AS, su lafiyarsu lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Gwajin jini kafin a sa rana shi ke raba gardama, kuma labarin kaka shi zai sa ki dage a yi.

Abin da kika ji kuma ki ajiye shi. In kina rubutun boko ki sami littafi na musamman, in ajami kika iya shi ma rubutu ne, da shi Nana Asma'u ta yi nata. In ba ki iya ko ɗaya ba, 'yarki 'yar makaranta ta rubuta, ko ki ɗauki muryar tsohuwa a waya bayan kin nemi izininta, amma kada a bar shi a waya kaɗai, waya tana faɗawa ruwa. Ki rubuta wadda ta faɗa miki da ranar da ta faɗa. Ku dubi abin da rubutu ya yi: Nana Asma'u ta yi waƙar ta'aziyya ga wata maƙwabciyarta Halima, mace ce kamar ni da ke, ba sarauta ba dukiya, ta yi wa wata jajinta Hauwa'u, ta kuma ambaci malamai mata na zamaninta irin su Joda Kawuri da 'Yar Hindu. Ba don ta rubuta ba, da tuni sun bi sahun sauran Inna da Iya. Takardun nata sun zauna cikin gafaka a gidan Waziri fiye da shekara ɗari, har Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ya buɗe su ga wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta fitar da littafin rayuwar Nana a 1989, sannan ita da wata malama 'yar Amurka, Beverly Mack, suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Daga nan har wasu mata Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiyoyin karatu suka sa musu suna 'Yan Taru.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta da sauran iyayenmu. Da aka zo rabon kayan ɗakinta, kowa na kallon tasoshi da zannuwa, ni na ce adudun nake so, aka yi mini dariya aka ba ni. Abu ɗaya na manta ban tambaye ta ba, shi ne wanda na fara tambayarku da shi: sunan innar tata na yanka. Sai da na roƙi maigida ya kai ni Shagari wurin ƙanwarta da ta rage, tsohuwa tukuf, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi. Na yi ta ɗaga murya, ita kuwa tana ta noƙewa, wai ta faɗi sunan uwarta da bakinta? Ƙarshe ta jawo kaina ta raɗa mini a kunne, kamar mai faɗin abin kunya. 'Yata ta biyu ita ke ɗauke da sunan yanzu. Sai dai kun san halinmu, ranar suna ko la'asar ba ta yi ba mahaifiyata ta ce ita ba za ta iya kiran sunan kakarta ba, Inna za a riƙa ce wa yarinyar. Har yau Inna ake ce mata, amma na rubuta na yankan a bangon littafin, na sa cikin adudun tare da malfar.